Cire batir a ɗaura injin gilo a ƙaramin jirgin rimot: inda aikin yake

Masu tashin ƙananan jiragen rimot a nan Jos ba mu da yawa, kuma kusan duk wanda ya shigo harkar a 'yan shekarun nan da na batir ya fara, dan shi ne mai sauƙin samu, ka yi oda ya zo a kwali, ka haɗa, ka yi caji, sai fili. Amma duk ranar da wani ya zo da mai injin gilo ya tada shi, ƙara ta tashi, hayaƙi ya bi bayansa a sama, to kafin a watse sai wani ya tambaya ko nasa na batir ɗin za a iya cire moton a ɗaura masa irin wannan. Musamman masu jiragen da aka kwaikwayi na gaske, irin su Spitfire da Mustang da Piper Cub, dan jirgin yaƙin duniya na biyu yana wucewa shiru kamar fanka abin bai cika daɗi ba.

Ana iyawa. Sai dai wanda ya ɗauka kwance noti huɗu ne a ɗaura wasu huɗu, zai yi asarar jirgi. Daga fiffike zuwa hanci kusan sabon gini za ka yi, kuma ba kowane jirgi ne ya cancanci wannan wahalar ba.

Shi injin gilo ba fetur yake sha ba, kuma ba shi da koyil ko wutar fulogi irin ta babur. Mansa methanol ne da aka gauraya da man shafawa, wani lokaci da ɗan nitro, sinadarin da ke ƙara wa injin ƙarfi. A cikin fulogin akwai siririyar waya mai platinum, kana jona mata batir na wajen volt 1.5 sai ta yi ja, in ka ciro fulogin ka riƙe a inuwar tafin hannunka zaka ga wayar ta yi jajir kamar garwashi. Da injin ya tashi sai ka zare batir ɗin, zafin ƙonewa da yadda tururin methanol yake haɗuwa da platinum ɗin su ne ke riƙe wayar da zafi har man ya ƙare. Wani Ba'amurke mai suna Ray Arden ne ya fito da wannan fulogin a ƙarshen shekarun 1940, kuma har yau tsarin bai canza sosai ba. Abu biyu ke biyo bayan wannan tsarin waɗanda moton lantarki ba ya yi: jijjiga, da feshin mai. Duk sauran maganar da zan yi daga su ta taso.

Toh fara duba jikin jirgin naka. In na soso ne, wato irin farin soson nan da ake matsawa a mold, shawarata ka bar shi yadda yake. Akwai masu yi, ban ce babu ba, amma salansa zai narkar da inda ya taɓa, mai zai shiga tsakanin ƙwayoyin soson ya ƙi fita, gam ya daina kamawa, sannan jijjiga ta riƙa sassauta komai a hankali. Ɗaura injin gilo a jirgin soso daidai yake da ɗora injin markaɗe a kan teburin roba. Wanda ya dace shi ne na balsa, wato wani katako mara nauyi, da filawud, mai faɗin fiffike daga wajen mita 1.4 zuwa sama. Ƙasa da haka ma akwai ƙananan injina, Cox .049 ya yi tashe a zamaninsa, amma wurin tanki da sarbo (ɗan moton da ke motsa sassan tuƙin jirgi) da batir a cikin ƙaramin jiki ciwon kai ne, kuma kowane giram ɗin da ka ƙara sai jirgin ya nuna maka.

Ko na balsan ma, wanda aka zana dan batir an rage masa nama da gangan. Leƙa cikinsa zaka ga duk allunan an huhhuda su dan a rage nauyi, allon gaba inda moto yake zama bai wuce milimita 3 ba, kuma yawanci wani ɗan akwati ne aka maƙala a gaba da ya miƙo moton zuwa hanci. Wannan akwatin cire shi za ka yi gaba ɗaya. A wurinsa sai allon filawud mai kyau na milimita 6, irin mai sala-sala da yawa, ba irin wanda kafinta yake bayan kwaba da shi ba, wanda in ka yanka sai ka ga rami a tsakiya. In ba ka samu na jirgi ba, zagaya 'yan katako a kasuwar Katako ta nan Jos ka zaɓi siriri mai kyau guda biyu ka manna su da juna. Gam ɗin kuma epoxy mai jinkirin bushewa, na minti 30, banda na minti 5, banda sufa gulu. Ta baya ka sa sanduna masu kusurwa uku a duk inda allon ya haɗu da gefen jirgi, sannan gefunan kansu ka lunka su da siririn filawud tun daga hanci har wurin zaman fiffike, saboda in allon ya yi ƙarfi gefen bai yi ba, wata rana injin zai fita da allon a hannunsa ne kawai. Kafin ka manna, auna tazarar da ke tsakanin allon da bayan farfela da kyau dan murfin hancin ya koma mazauninsa, kuma ka bar ɗan karkacen nan da masu zanen suka sa, wajen digiri 2 zuwa dama da ɗan ƙasa, ba kuskure ba ne, shi ke hana jirgin fizga hagu in ka ba shi wuta.

Sai maganar mai. Man shafawan da ke cikin man gilo yana kai kashi 18 zuwa 20 cikin 100, kuma yawancinsa ba ya ƙonewa, ta salansa yake fita. Bayan tashi ɗaya ka juya jirgin ka shafa cikinsa da yatsa, zaka ji danƙo tun daga bayan injin har wutsiya, in lokacin hunturu ne kuma jar ƙura ta manne a kai ta zama laka. Wannan man in ya samu ɗanyen balsa sha yake yi, katakon ya yi laushi ya yi baƙi, babu gam ɗin da zai sake kama shi. Shi ya sa allon gaba da ɗakin tanki da duk wani katako da ke tsirara sai an shafe su da epoxy da aka tsinka da ɗan methanol ya zama kamar fenti. Duk ƙofofin shan iska da aka buɗe dan sanyaya batir a toshe su. Bakin ledar da aka lulluɓe jirgin da ita a bi da ayan a sake mannawa, a kuma gwada fentin a wani lungu da ɗigon mai, dan nitro yana cin wasu fentin, sitika kuma ɗagowa suke yi.

Girman injin fa? A nan ne mu 'yan Jos lissafinmu ya bambanta da na takardar da ke cikin kwali. A ƙa'idar da aka saba, jirgin da nauyinsa ya kai kilo 2.5 zuwa 3 wanda moto mai wat 700 zuwa 800 yake ja, injin .46 ne abokinsa, wato siisii 7.5, irin O.S. 46AX na Japan da kusan kowa ya sani. Amma Jos tana sama da teku da wajen mita 1,200, iskar nan ta fi ta Legas sirantaka da kusan kashi 11 cikin 100. Moton lantarki bai damu da iskar shaƙa ba, farfelarsa ce kawai ke rasa abin kamawa. Injin gilo kuwa ta biyu ake cinsa, farfela ta rasa, shi ma ya rasa numfashi, ƙarfinsa ya ragu da kimanin wannan kason. Fiffike ma sai jirgin ya ƙara gudu kafin ya ɗauke shi. Wanda yake Abuja, da tsayinta bai kai rabin namu ba, bai cika jin wannan ba duk da zafin garin ma yana rage iska. Dan haka in ana cewa .46 ya isa, ni a nan .55 zan nema, saboda jikinsu kusan ɗaya ne, nauyin ma haka. Abin da ba zan yi ba shi ne tsallakawa zuwa .61 ko .75 wai dan ƙarfi. Nauyin da za su ƙara zai sa Spitfire ɗinka ya riƙa sauka da gudun da filayenmu masu duwatsu ba za su yafe ba, kuma irin waɗannan jiragen in gudu ya yi ƙasa ba sa gargaɗi, fiffike ɗaya ne zai faɗi kawai.

Akwai kuma zaɓi tsakanin mai bugu biyu da mai bugu huɗu. Mai bugu huɗu, irin na kamfanin Saito ko O.S., shi ne mai muryar da ta fi kama da jirgin gaske, yana juya babbar farfela a hankali, salansarsa ƙarama ce tana ɓuya. Amma ya fi tsada, yana da bawul da sai an riƙa saitawa, kuma sai ka ɗauki wanda ya fi girma, wajen .56 zuwa .62, kafin ya yi aikin .46 mai bugu biyu. Wanda bai taɓa riƙe injin gilo ba ya fara da mai bugu biyu.

Masu son kyan jirgi suna son kifa injin kansa ƙasa dan ya ɓuya a cikin murfi. Yana kyau a hoto. A fili kuwa mai yana gangarowa ya taru a kan fulogi ya kashe shi, wani lokaci ya cika silinda har fistin ya ƙi motsi, in ka matsa masa da sitata a haka sai ka lanƙwasa sandar fistin. Kwantar da shi a gefe, kan silinda yana kallon dama, salansa ta sauka ƙasa, ya fi kwanciyar hankali nesa ba kusa ba, ko da za ka yanka murfin ya ɗan leƙo. Kuma yankan murfi dole ne. Ramin fitar iska ya ninka na shigarta sau biyu ko uku, in ba haka ba iska ta shiga ta tsaya, injin ya dahu a ciki, ka ji yana rage murya a sama har ya mutu.

Tanki zai zauna inda batir yake da, a bayan allon gaba. Na .46 zuwa .55 mililita 240 zuwa 300 ya isa tashi na wajen minti goma, methanol ba shi da auki, injin yana shan fiye da ninki biyu na abin da zai sha da fetur ne. Abin da mutane suka fi rainawa shi ne tsayin tankin. Babu famfo a irin wannan injin, zuƙar kafireto ce da ɗan matsin da tiyo yake kawowa daga salansa. Tsakiyar tanki ta yi daidai da tsayin allurar da ke saita mai a kafireto ko ta ɗan yi ƙasa kaɗan. In ya yi sama mai ya riƙa malalowa injin ya shaƙe, in ya yi ƙasa sosai ya ji yunwa in tanki ya yi rabi. Tiren batir na asali sau da yawa ba a wannan tsayin yake ba, sai an yanke an sake. A naɗe tankin da soso mai laushi dan jijjiga kar ta mayar da man kumfa, a tabbatar ɗan ƙarfen da ke bakin tiyon ciki yana yawo bai taɓa bangon baya ba, ka girgiza tankin kusa da kunne ka ji yana ƙwas ƙwas. Tiyon na silikon ne, ba irin na fetur ba.

Wani abu da ake mantawa: a jirgin batir, na'urar da ke sarrafa gudun moto ita ce ke ba risiba, mai karɓar umarnin rimot, da sarbo wuta. Ka cire ta, ka cire musu abinci. Yanzu sai ka nemo batir na risiba daban, NiMH na volt 4.8 ko 6, ko LiFe na 6.6 in sarbobinka za su ɗauka, da makunni mai kyau a gefen da ba na salansa ba. Sai ƙarin sarbo na totur da sandarsa, kuma inda sandar ta haɗu da hannun kafireto ka sa mahaɗin roba, ƙarfe da ƙarfe suna gugar juna suna kawo wa rediyo hayaniya. A rimot ka saita makunnin kashe injin, ka kuma saita cewa in sigina ta ɗauke totur ya koma silo. Waɗannan ƙananan sarbobin na giram 9 masu haƙoran roba da suke zuwa da jirgi, jijjiga tana cinye su, a canza aƙalla na wutsiya zuwa masu haƙoran ƙarfe. Risiba a naɗe da soso. Duk notin da ya shiga ƙarfe a ɗiga masa gam ɗin noti. Hinjis a ja su ɗaya bayan ɗaya da hannu.

Farfelar lantarki kuwa kar ka kuskura ka mayar da ita. Siririya ce, ba a yi ta dan bugun fistin ba, tana iya tsinkewa a juyi 12,000 a minti ta nufi fuskar wanda ke tsaye a gefe. Sayi ta gilo, mai lamba 11x6 ko 11x7 ga injin .46, ka daidaita nauyin kunnuwanta biyu kafin ka ɗaura.

Idan an gama duk wannan sai awo. Wurin daidaiton nauyi da takardar jirgin ta nuna bai canza ba, kayan ciki ne suka canza wuri. Injin .46 da salansarsa ya kusa rabin kilo kuma can bakin hanci yake, alhali ka cire batir ɗin da shi ma ya kusa haka daga baya kaɗan. A jirgi mai dogon hanci sai ka ga gaba ya rinjaya, a jirgi mai gajeren hanci wani lokaci har yanzu baya ne ke da nauyi. Ka ɗora shi a kan yatsu biyu a wurin da aka yi alama, mai fiffike a ƙasa a kife ake auna shi, kuma tanki babu mai. Dalili, batir nauyinsa ɗaya daga tashi har sauka, amma man tanki wajen kwata kilo ne da yake ƙarewa a sama, in ka auna da tanki cike to lokacin sauka, lokacin da ka fi buƙatar jirgin ya nutsu, wutsiya ce za ta yi nauyi. Ka yi gyaran da matsar da batir ɗin risiba da sarbo gaba ko baya kafin ka kai ga liƙa dalma.

Yanzu ga tambayar da ya kamata a ce ita ka fara yi wa kanka tun kafin ka taɓa wuƙa: ina za ka samu mai? Batir ko babu wuta ka caja shi da sola ko a mota. Man gilo kuwa babu shi a gidan mai, kuma kaya ne mai kama wuta da ba a yarda a jefa shi a jaka a hau jirgi da shi ba, oda daga waje ma wahala ce da tsada. Mafita ita ce haɗawa da kanka, kuma ba sabon abu ba ne, kashi 80 methanol kashi 20 man zurma tsohon haɗi ne da ake gasa da shi a duniya, babu nitro ko ɗigo. Injin zai tashi a kai, sai dai silo ba zai yi santsi kamar mai nitro kashi 5 ko 10 ba, kuma zai fi son fulogi mai zafi. Methanol wurin masu sayar da kemikal na ɗakin gwaji ko na masana'antu ake nema, a tabbatar tsantsa ne. Sifirit ɗin kemis ba shi ba ne, akwai ruwa a ciki. Baƙin mai na mota ko na babur ba ya gauraya da methanol, za ka girgiza ka ajiye ka dawo ka tarar sun rabu, dole man zurma ko man roba da aka yi dan wannan aikin. Sannan methanol yana zuƙar ruwa daga iska, da damina a Jos ka bar jarka a buɗe yini ɗaya ka ɓata ta. Guba ne kuma, kaɗan yake makantar da mutum, wutarsa da rana ba a cika ganinta ba, dan haka kar a zuba shi a robar ruwan sha, kar a zuƙa tiyo da baki, a ɗaga shi inda yara ba sa kaiwa. In ba ka da tabbacin inda za ka riƙa samun wannan duk wata, malam, bar jirginka a batir, akwai 'yan na'urorin sauti da ake sa wa na lantarki su yi kukan injin.

Saitin allura shi ma iskarmu ta shafe shi. Juyin da takarda ta ce a fara da shi na bakin teku ne, a nan mai zai yi yawa, sai ka ɗan rufe. Amma a hankali, ƙyas ɗaya ƙyas biyu, har murya ta kai ƙololuwa, sannan ka buɗe baya kaɗan ta ɗan sauko. Injin da mai ya yi masa yawa hayaƙi kawai zai yi, wanda mai ya yi masa kaɗan shi ne ke ƙonewa, dan man shafawan a cikin man yake. Gwaji mai sauƙi, wani ya riƙe jirgin da wuta cike ya ɗaga hancinsa sama na daƙiƙa goma, in murya ta tsaya yadda take ko ta ɗan ƙaru lafiya, in ta fara sauka buɗe allura. Sabon injin a sha masa tanki biyu ko uku a ƙasa da mai a wadace kafin ya ga sama. Da sanyin safiyar Disamba da Janairu kuma zai yi gardamar tashi, methanol ba ya son yin tururi in sanyi ya kai wajen digiri 11, ka bar jirgin a rana ya ɗan ji ɗumi ko ka jira hantsi. Ƙurar hunturu kuma kafireton a buɗe yake ba matata, kar ka tada shi a kan turɓaya, shimfiɗa tabarma ko kwali.

Filin da kake tashin na batir ba lalle ya karɓi wannan ba. Ana jin injin gilo daga nesa, kuma a garin da mutane suke da dalilin tsorata da baƙon abu a sama, gara ka gaya wa mai unguwa da jami'an tsaron wurin tun kafin su zo tambaya. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, tana da dokoki kan jirage marasa matuƙi, a nisanci filin jirgin saman Jos da ke Heipang da barikoki. Ka kuma zaɓi fili mai sarari ta kowane gefe, domin injin gilo yana mutuwa a sama ba sallama, ranar da ya yi haka dama ɗaya gare ka, ka sunkuyar da hanci ka riƙe gudu ka sauka inda ka samu.

In an tashi daga fili a zuƙe sauran man tanki, a jona fulogi a tada injin ya ƙone abin da ya rage a cikinsa har ya mutu da kansa, a ɗiga masa man ajiya ta kafireto a juya farfela da hannu, man giyar mota mai otomatik ma yana yi. Wanda ya bar methanol ya kwana a ciki sati biyu da damina zai dawo ya tarar boris ya yi tsatsa yana gurnani, kuma boris ɗin wannan girman ba a kowane shago ake samunsa ba.